Mai Gadin Muryoyin Adar

Duk wanda ya taɓa fita ƙauye da na'urar ɗaukar murya ya san cewa abin da yake komowa da shi amana ce. Tsohuwa ta jingine taɓarya, ta bar dakanta ya jira, ta zauna da baƙo awa biyu tana lissafa masa sunayen da uwarta take kiran tukwane da su. Ba ta nemi takarda ba, ba ta nemi shaida ba. Ta dai yarda cewa maganarta ta shiga hannun da zai riƙe ta. A zamanin kaset, maƙiyan wannan amana sanannu ne: zafin bazara, ƙurar hunturu, laimar damina da gara. Cibiyoyi irin su CELHTO, wadda tushenta ya faro a Yamai a 1968 domin adana al'adun baka, da IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, sun shafe shekaru suna kokawa da su. Yau kaset ya kau. Muryoyin sun koma cikin kwamfutar ɗalibi, ita kuwa kwamfutar tana gida, a kan tabarma, ƙanne na kallon fim da ita da dare. Maƙiyin da ya ƙaru a wannan zamani ba ya barin ƙasa a jikin bango kamar gara, balle a gane ya shigo.

Wata ɗalibar masta a sashen nazarin harsuna, ƴar jihar Tawa da ke zaune gidan kawunta a Yamai, ta yi hutu biyu tana yawo tsakanin ƙauyukan Keita da na Buza, tana tattara kalmomin ginin tukwane a Adaranci. Ta komo da awa 40 na hira daga bakin mata 11. A cikinsu ana jin «hwara» inda daidaitacciyar Hausa ke da «fara», ana jin «ɗiya» inda take da «ƴa», ana kuma jin sunayen yumɓu da na kayan aiki waɗanda ba ta same su a ƙamusun da ke hannunta ba. Kafin ta gama rubuta rabin hirarrakin, biyu daga cikin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya. Duk wannan yana cikin kwamfuta guda, ta hannu, irin wadda ƴan kasuwa ke kira okaziyo, kuma ba ita kaɗai ke taɓa ta ba: ƙannenta maza biyu suna da rabonsu a ciki.

Abubuwa biyu suka faru cikin mako ɗaya. Da farko ta kai kile, wato ɗan ma'adanin nan na USB, wani shagon buga takardu domin a fitar mata da babi na biyu. Da ta komo gida ta soka shi, sai ta tarar jakunkunan fayilolinta duk sun koma rakursi, kowace da ƴar kibiya a gefenta. Bayan kwana uku, wani abokin karatunta ya wayi gari babu fayil ɗaya da ke buɗuwa a kwamfutarsa. Kowane suna ya yi sabuwar jela ta haruffa huɗu, kuma a kowace jaka akwai ƴar wasiƙa da Ingilishi tana neman dalar Amurka 980, ko 490 idan ya amsa cikin awa 72. Cikakken kuɗin ya haura jika 500 na sefa. Kundinsa na wata takwas yana ciki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: a daren ta ƙudurta cewa sai ta nema wa kwamfutarta mai gadi.

Shawara kuwa ba ta yi wuyar samu ba. Mai gyaran da ta fara zuwa wurinsa ya ce: «Malama, kawo in sa miki babba, wanda ake saye da tsada. Na fasa makullinsa, zai kai ki shekaru ba ki biya ko dala ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada ki bari ya sabunta kansa, in ba haka ba su gane.» Babban ƙanen nata ya ce: «Yaya, ki zuba uku kawai, duk na kyauta ne. Abin da ya kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya cafke.» Wata ƙawarta kuma ta ce ita shekara huɗu ba ta sa komai ba, kuma ba abin da ya same ta. Kowa ya yi magana da tabbaci, ba kuma wanda ya tambaye ta abin da take son karewa, ko ta wace ƙofa take tsoron ɓarawo.

Horon da ta samu a aji shi ya ba ta mafari: in abu ya rikice, a fara da sunansa. Kalmar birus daga Latin take, inda take nufin dafi ko guba, kafin likitoci su are ta su ba ƙwayar cuta. Masana kwamfuta sun are ta daga likitoci a farkon shekarun 1980, lokacin da Fred Cohen, ɗalibi a wata jami'ar Kalifoniya, ya nuna cewa ana iya rubuta manhaja mai liƙa kwafin kanta a jikin wasu manhajoji. A 1986 wasu ƴan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka saki Brain, wadda ta bi faya-fayan floppy ta zaga duniya. Daga nan sunan ya zauna, har ya rufe abubuwan da ba su da hali ɗaya. Akwai mai yaɗa kanta ta hanyar sadarwa ba tare da an taɓa ta ba, wadda ake kira tsutsa. Akwai mai shigowa da rigar baƙon kirki, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan dokin katako na tatsuniyar Girkawa. Akwai mai leƙen asiri, mai kwashe kalmomin sirri. Akwai kuma mai garkuwa da fayiloli ta nemi fansa, irin wadda ta faɗa wa abokin karatunta.

A Hausa, fassarar da ta fi saurin zuwa baki ga antibirus ita ce rigakafi, kuma a nan ɗalibar ta ga inda kalma ke karkatar da tunani. Rigakafin da mutane suka sani allura ce: a yi wa yaro ita, a rubuta a kati, a koma gida da kwanciyar hankali. Mai gyaran nan da wannan ma'ana yake aiki, shi ya sa yake ganin an sa, an gama. Amma da ta karanta yadda manhajar take aiki, sai ta ga ta fi kama da mai gadi wanda dole a riƙa kawo masa labari kullum. Hanyoyi uku yake bi wajen gane mugu, kuma duk ukun suna da dangi a darussan sashenta. Ta farko kamar duba ƙamus ce: yana da jerin alamomin cututtukan da aka riga aka sani, yana gwada kowane fayil da jerin. Ta biyu kamar nazarin ƙirar kalma ce: bai taɓa ganin wannan fayil ba, amma saiwarsa da ɗafe-ɗafensa sun nuna daga wane gida ya fito. Ta uku kamar nazarin kalma a cikin jimla ce: yana kallon abin da manhaja ke aikatawa, in ya ga ta fara sauya ɗaruruwan fayiloli cikin minti ɗaya, sai ya riƙe hannunta. Ƙamus da aka daina ƙara masa kalmomi ba ya sanin abin da matasa suka ƙirƙiro bana. Kamfanonin suna fitar da sababbin alamomi kowace rana, wasu ma sau da yawa a yini. Ashe antibirus ɗin da aka hana sabuntawa ƙamus ne da aka rufe ranar da aka sa shi.

Wannan kaɗai ya isa ya kawar da tayin mai gyara, amma akwai abin da ya fi shi muni. Wasiƙar da abokin karatunta ya samu, da adadin kuɗin da ke cikinta, alamun wani dangi ne na masu garkuwa da fayiloli da aka sani da STOP ko Djvu, wanda ya addabi masu kwamfutar gida a ƙasashe da dama tun wajen 2018. Babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce fasassun manhajoji da ƴan kayan fasa makulli da ake saukewa daga shafukan da ba a san masu su ba. Shi ma abokin nata, kwana ɗaya kafin abin ya faru, ya sauke wata fasasshiyar manhajar gyaran hoto, kuma umarnin da ya zo da ita ya ce a kashe antibirus tukuna. Wanda ya sa fasasshen antibirus ya ɗauki mai gadi ne daga hannun wanda bai sani ba, ya miƙa masa makullan kowane ɗaki, domin babu manhajar da ake ba iko a kwamfuta kamar antibirus: yana buɗe kowane fayil, yana ganin kowane shafi.

Daga nan ta ɗauki takarda ta lissafa ƙofofin gidanta. Ta farko kile ce, mai zaga shagon fotokopi, sibar, kwamfutar malami da ta abokai. Tun 2011 Microsoft ya toshe hanyar da manhaja ke tashi da kanta da zarar an soka kile, shi ya sa cutar rakursi take buƙatar hannun mai kwamfuta: tana ɓoye jakunkuna na gaskiya, ta ajiye rakursi masu sunayensu, in an danna sai ta tashi. Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, kuma suna bayyana idan aka umarci Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli. Kada a raina wannan ƙofa. Ta kile ce Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta kai ga na'urorin nukiliyar Iran da ba su haɗe da intanet. Ƙofa ta biyu wasannin ƙannenta ne da fasassun manhajojinsu. Ta uku saƙonni ne, kuma ita ce ta fi shafar mai nazarin harshe, domin makaminta magana ce. A watan Mayun 2000 wata tsutsa daga Filifin ta mamaye miliyoyin kwamfutoci da saƙo mai cewa wasiƙar soyayya ce. Sunan fayil ɗin yana da jela biyu, Windows ya ɓoye ta ƙarshe, mutane suka ɗauka rubutu ne kawai. Yau wasiƙar takan zo da sunan gurbin karatu a ƙasar waje ko kiran taron ƙara wa juna sani, da Faransanci mai ɗan karkata wanda kunnen ɗalibin harshe ya kamata ya ji.

Sai da ta san ƙofofin sannan ta juya ga masu neman aikin gadin. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne akwai mai gadi a gidan tun asali, an dai ɗaure shi ne. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, kowane Windows yana zuwa da cikakken antibirus a cikinsa, wanda yanzu ake kira Microsoft Defender. A kwamfutarta, wanda ya sayar ya kashe shi, ya kuma kashe sabuntawar Windows gaba ɗaya, wai don kada ta cinye forfe. Wannan kashewa ta biyu ta fi haɗari. A ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da facin ɓarakar da ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Mai gadi na bakin ƙofa, katanga kuwa ta rushe ta baya: haka kwamfutar da ke da antibirus amma ba a sabunta Windows ɗinta take. Windows 7 ya daina samun faci tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025.

Domin kada ta dogara da tallar kamfani ko da jita-jitar aji, ta nemi waɗanda sana'arsu ita ce gwada waɗannan manhajoji. Biyu sun fi shahara: AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. Dukansu suna wallafa sakamakonsu kyauta. AV-TEST tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan rashin kama marar laifi, jimla 18. Abin da ɗalibar ta lura da shi shi ne manyan sunayen, irin su Bitdefender na Romaniya, ESET na Sulobakiya, Kaspersky na Rasha, Avast, Avira, Norton da shi kansa Defender, sukan cunkushe ne a saman jerin, tazarar da ke tsakaninsu ƴar kaɗan. Gardamar da ake yi a ɗakin kwanan ɗalibai kan wane ne sarki, a kan wannan ƴar tazara ake yin ta. Sai dai ta tsinci wani bambanci da ya shafi ƙasarmu kai tsaye. AV-Comparatives takan gwada manhajojin da intanet, ta kuma gwada su babu intanet, domin da yawansu suna tambayar rumbun kamfaninsu ne kafin su yanke hukunci kan baƙon fayil. Defender yana cikin waɗanda ganinsu ke raguwa sosai idan layi ya yanke. Ga mai zaune a inda intanet ba ya ɗaukewa, wannan ƙaramin zance ne. Ga wadda forfenta kan ƙare ranar Laraba, ko take aiki a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi, babban zance ne.

Na kyauta kuma ta auna su da karin maganar da ke cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasu suna samun abincinsu ne ta hanyar damun mai kwamfuta da tallar sigar da ake biya, wannan kuwa ana iya haƙuri da shi. Wasu sun wuce nan. A watan Janairun 2020 bincike na ƴan jarida ya fallasa cewa Avast yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ɗora masa biyan dala miliyan 16.5. Shi kuwa Kaspersky, wanda kwalayensa suka cika shagunan kayan kwamfuta a yankinmu kuma yake samun maki mai kyau a gwaje-gwaje, gwamnatin Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaro, kamfanin kuma ya musanta zargin. Hanin bai shafi Nijar ba. Darasin da ɗalibar ta ɗauka daga labaran biyu guda ne: zaɓen antibirus zaɓen wanda za a amince wa ne ya ga cikin ɗaki. A hirarrakinta akwai inda tsohuwa ta saki jiki ta faɗi abin da ya shafi aurenta da rikicin gadon gidansu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, amma tun kafin doka akwai alkawarin da aka yi a kan tabarma.

Shawarar ƙanenta ta zuba uku ma ba ta tsaya ba. Antibirus biyu masu gadi a lokaci guda suna rige-rigen kama fayil ɗaya, kowane yana kallon ɗayan a matsayin baƙo mai shisshigi, kwamfutar ta yi nauyi, wani lokaci ma ta daskare. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Shi ya sa Defender kan ja gefe da kansa idan aka sa wani. Smadav, ɗan Indonesiya da ɗalibai ke ƙauna saboda kile, masu shi da kansu suna gabatar da shi ne a matsayin kariya ta biyu, ba uban gida ba. Ita kuwa ƙawar da ta ce ba abin da ya same ta, amsarta tana cikin sunayen da aka lissafa tun farko: mai leƙen asiri ba ta ƙara, ribarta tana cikin kada a san tana nan.

Ga abin da ta yanke. Ta kwafe muryoyin zuwa wani faifai, ta binciki faifan a kwamfutar da ta tabbatar da tsabtarta, sannan ta sa aka goge tata ƙaf, aka sa Windows 11 da aka sauke daga shafin Microsoft. Lasisin ya farfaɗo da kansa, domin kamar yawancin kwamfutocin da suka fito daga masana'anta da Windows 8 ko na bayansa, makullin yana dashe a cikin na'urar. Da a ce tata ta tsufa da yawa, da ta koma Linux, tunda Praat da ELAN, manhajojin da take yanka sauti da rubuta hira da su, suna aiki a kansa. Ta bar Defender a matsayin mai gadi, ta kunna sashensa mai hana baƙuwar manhaja taɓa zaɓaɓɓun jakunkuna, ta sa jakar Adar a ciki. Raunin da ta gano na rashin intanet ta rufe shi da ɗabi'a: ba ta soka kilen da ya kwana a waje sai tana da layi, ta sabunta alamomi, ta binciki kilen kafin ta buɗe. Manyan sabuntawa kuma takan bar su sai ta shiga inda akwai wifi. Ga kawunta, malamin firamare da ke aiki a ƙauye wata da watanni babu layi, ta ba da wata shawarar dabam: ya duba sakamakon gwajin rashin intanet na baya-bayan nan, ya ɗauki ɗaya daga na sama, ya saya da lasisi na gaskiya, ya sabunta duk ranar da ya shigo gari.

Ba ta yarda da mai gadin ba sai da ta gwada shi. Akwai wani ɗan fayil mai haruffa 68 da ake kira EICAR, wanda ba cuta ba ne, amma kamfanonin antibirus sun yi ittifaƙi su riƙa kama shi kamar cuta domin gwaji. Ta sauke shi, kafin ta ɗaga yatsa an kama shi. Ta kuma koyi cewa mai gadi na iya zargin ɗan gida. Manhajojin da ke ba mu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, irin su Keyman, suna sauraron abin da ake latsawa ne domin su musanya harafi, wanda a ido yake kama da aikin ɓarawon kalmar sirri. Maganin shi ne a ɗauko su daga shafin masu su, in kuma ana shakka a gwada fayil ɗin a VirusTotal, shafin da ke nuna hukuncin antibirus masu yawa a lokaci ɗaya. Sai dai abin da aka ɗora a can yana iya kaiwa hannun masu binciken tsaro, saboda haka manhaja ake kaiwa, ba babin kundi ko muryar tsohuwa ba.

Aiki mafi wuya shi ne na ƙannen. Ta buɗe musu asusu nasu dabam wanda ba shi da ikon sa manhaja, ta riƙe kalmar sirrin mai gida. Ƙaramin ya yi fushi: «Yaya, ke nan ba ki yarda da mu ba?» Ba ta yi masa dogon bayani ba. Ta sa masa abin ji a kunne, ta kunna masa muryar ɗaya daga tsofaffin da suka rasu, tana bayanin yadda ake gane yumɓun da zai jure wuta, tana dariya a tsakiyar magana. Da ya cire, ta ce masa: «Wannan ita ce kaɗai ta rage a duniya. In ta tafi, wa za mu koma mu tambaya?» Tun daga ranar, in yana son wasa sai ya kawo mata sunansa su duba tare. Fasassun manhajojin ofis ma sun fita daga gidan, LibreOffice ta maye gurbinsu, ba ta kuma neman makulli.

Duk da haka ta san babu mai gadin da ba ya gyangyaɗi, kuma ba ya hana faifai mutuwa, ko wutar lantarki ta dawo da ƙarfi ta ƙona na'ura, ko a fizge jaka a kan babur. Abin da ya faru da abokin karatunta ya nuna iyakar abin: antibirus ɗin da ya sa daga baya ya kori cutar, amma bai buɗe ko fayil ɗaya ba. Ya gwada shafin No More Ransom, wanda Europol da ƴan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016 domin raba makullan buɗe fayiloli kyauta, bai dace ba. Abin da ya cece shi babi uku ne da ya taɓa aika wa malaminsa ta imel. Saboda haka ɗalibar ta bi ƙa'idar da masu adana bayanai ke kira 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'adani iri 2, 1 daga ciki a wani wuri dabam. Lissafin bai da ban tsoro. Awa ɗaya ta sautin WAV mai layi ɗaya kusan mega 300 ce, awa 40 kuwa ba ta wuce giga 13 ba. Kwafi ɗaya yana kan faifan ajiya wanda ba ya kwana a soke, domin mai garkuwa da fayiloli tana bin duk abin da ta tarar a haɗe. Ɗaya kuma yana Tawa, cikin akwatin mahaifiyarta, a kan kile sabo da aka rufe da kalmar sirri.

Abin da ya rage ba na ɗaliba ɗaya ba ne. Kowace shekara ana kare kundaye a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma bayan kowane kundin da aka yi da binciken fili akwai sa'o'in Gobiranci, Arewanci, Kurfayanci ko Damagaranci, ban da Zarma, Fulfulde, Tamajak da Kanuri, waɗanda ba sa shiga ɗakin karatu tare da takardar. Suna tafiya da kwamfutar mai su, su rayu iya rayuwarta. Faifai biyu a ofishin shugaban sashe, da ƙa'idar cewa ɗalibi zai miƙa sautinsa da takardar izinin masu magana ranar da ya miƙa kundinsa, da kwamfuta ɗaya mai sabuntawa inda za a binciki kowane kile kafin ya taɓa ta malami, duk wannan bai kai kuɗin taron bita ɗaya ba. Ɗalibar ta rubuta wannan shawara a shafi guda ta kai wa malamin da ke duba aikinta. Ya karanta, ya buɗe aljihun teburinsa, ya fito da kile bakwai na tsofaffin ɗalibansa, babu wanda ya san ko har yanzu suna buɗuwa. Suka sa ranar Asabar domin su bincike su ɗaya bayan ɗaya.